Ranar da Na Tare Surukina

Na Allah muke, kuma wurinsa kowa ya nufa. Surukina, mahaifin maigidana, ya riga mu tafiya bayan an gama yankan gero. Tun kafin a kawo makara ƙofar gidanmu ta cika da masunta, wasu ko lakar tabki ba su wanke daga ƙafa ba. Ni ina ciki tare da mata, amma katangarmu gajeriya ce, duk abin da aka faɗa a waje yana shigowa.

Na ji wani tsohon masunci yana cewa, "Tun muna samari muke bisa ruwan ga tare, ban taɓa ganin tabki ya kada shi ba. Iska ta taso, kowa shi zamna cikin jirgi, shi yana tsaye da birgin kamun kihi a kahwaɗa."

Wani ya karɓe: "Wanga ko hannu ba a ba shi. In ka miƙa mashi wurin sauka sai shi dube ka shi ce, gurgu ka gani?"

A cikin gida kuwa ƙanwarsa ce, wadda muke kira Gwaggo, ta iso daga Gabi da kukanta da faɗanta. Ta zauna kusa da Inna, uwar maigidana, ta share hawaye da gefen zane ta ce, "Tun da anka ɗora shi bisa katakon nasara yana rawa gaban tele na san ba lahiya. Tsoho da wasan yara!" Ba ni ta kalla ba, tabarmar da nake zaune a kai ta kalla. Inna ta ce, "Bari, yau ba ranar wagga magana ba ce." Na ci gaba da zuba wa baƙi ruwa.

Taubashinsa ne ya zo a ƙarshe, ɗan kawunsa daga garin Sarkin Yamma, mutumin da duk duniya shi kaɗai ke da ikon zaginsa a bainar jama'a. Tun daga nesa ya ɗaga murya kamar yadda ya saba: "Raggo! Ka ga na kusa cinye ka, shi ne ka gudu!" Mutane suka fara murmushi suna jiran sauran. Sauran bai zo ba. Ya tsaya da baki buɗe, sannan ya nemi gindin bango ya zauna, ya ja hula ya rufe fuska. Har aka tafi maƙabarta ban ƙara jin muryarsa ba.

Masunta za su riƙe nasu labarin, na mutumin da ke tsaye kan ruwa. Gwaggo za ta riƙe nata. Ni kuma akwai abin da na gani wanda ba kowa ya gani ba, ina tsoron kada shekaru su cinye shi, shi ya sa na zauna rubutu. Ba za ku ga sunansa a nan ba. Surukarsa ce ni.

Tun ranar da aka kawo ni gidan ban taɓa duban tsakiyar idonsa ba. In zan wuce ta gabansa sai in tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi fuskata na kallon gefe. Ɗana na fari sunansa aka sa masa, don haka shi ma yaron ban taɓa kiran sunansa na yanka ba. Tsohon kuwa ya fi ni iya kunya nesa ba kusa ba. Bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Randa yake yi wa, ko katanga, ko akuyar Inna. Sai ka ji ya ce, "A hwaɗa ma masu gidan ga miyar jiya ta yi daɗi," alhali daga ni sai shi a tsakar gida. Ni kuma in dubi turmi in ce, "Masu gida sun gode." Akuyar Inna ta sha saƙo a gidan nan, har nakan ce da tana karɓar lada da ta fi mu arziki.

Kada wani ya ɗauka nisa ne tsakaninmu. Ina aikin taimakon jinya a asibitin garinmu tun kafin aure. Da na yi haihuwar fari, dangi suka taso maigidana a gaba, wai mai goyo ba ta yini a asibiti tana taɓa jikin kowa da kowa. Aka yi ta magana a zaure, tsohon yana gefe yana ɗinke koma. Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Wanda ya iya tuƙi ba a ɗaure shi bisa tudu." Maganar ta mutu a nan, na koma aikina. Kuma duk lokacin da nake da ciki ko goyo, in na fito da safe sai in tarar da babbar karfasa ko tarwaɗa a kan turmi, an rufe da faifai. Ba wanda ya taɓa cewa ga mai ajiyewa, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Aibinsa ɗaya, in aibi ne, ba ya son taimako. Maigidana ya taɓa sayo masa sandar dogarawa mai kyau daga Maradi. Ya karɓa, ya juya ta, ya sa albarka, washegari muka ga an tokare ƙofar garken awaki da ita. Yakan ce da samarin masunta, "Cikin jirgi ƙahwa ke gani, ido ɗan rakiya ne." Ƙafafunsa kuwa abin kallo ne, masu faɗi, yatsun a barbaje, duk inda ya taka sai ka ce an dasa shi.

Wasan tele, wato talabijin, ya zo mana ne ta hannun wani poroje, shirin kula da lafiyar tsofaffi. Suka kawo tele babba da wani farin faranti mai faɗin murfin akwati, wanda tsofaffi suka sa wa suna katako. Mutum ya hau ya tsaya ƙafa biyu. A cikin tele akwai ɗan jirgi a kan kogi, ga duwatsu hagu da dama. In ka karkata jikinka dama jirgin ya yi dama, in ka yi gaba ya ƙara gudu. A kusurwar tele kuma akwai ɗan jan ɗigo cikin da'ira, yana nuna inda nauyin mutum ya sauka. Wai a horar da ƙafa da ƙugu tun mutum yana da lafiyarsa, don rigakafi ya fi magani. Marasa lafiya ba sa ciki, sai tsohon da ke tafiya da ƙafarsa ba sanda. Ƙa'ida ɗaya majo, shugaban asibitinmu, ya nanata mana: duk wanda ya hau, ma'aikaci ya tsaya a bayansa hannu a shirye. Ni ke tsaya wa mata, abokin aikina namiji ke tsaya wa maza.

Ban taɓa zaton surukina zai taka wurin ba. Taubashi ne ya jawo shi. Ya riga shi farawa, ya bi kasuwa yana shela wai ya tuƙa jirgi cikin tele bai bugi dutse ba, shi manomi, ga wani mai kiran kansa ɗan ruwa ya ɓuya. Ranar da aka sake buɗe ɗakin sai ga tsohon ya shigo da babbar riga, ya naɗe ta a kafaɗa, ya tuɓe takalmi. Na juya baya na kama maɓallan tele, kamar ban san wanda ya shigo ba.

Hawan farko bai yi kyau ba. Hannunsa ya riƙa neman sandar tuƙi a iska, jirgin ya je ya rungumi dutse. Taubashi ya faɗi kan benci yana dariya: "Jama'a ku zo, ɗan ruwa ya nutse cikin tele!" Tsohon ya dubi tele ɗin sama da ƙasa ya ce, "Wanga wane irin ruwa ne, ko kihi babu?" Ya sake hawa. Wannan karon ya saki gwiwa kaɗan, ya manta da hannu, jirgin ya ratsa duwatsun nan kamar da ma a cikinsu aka haife shi. Da ya kai ƙarshe ya ce da tele, "A hwaɗa ma mai tele ta ƙara ma ruwan ga ƙarhi." Na ƙara. Wallahi ranar da ƙyar na riƙe dariyata, don daɗi.

Daga nan bai ƙara fashi ba. Ya dawo daga tabki, ya wanke ƙafa, ya tafi asibiti. Tsofaffin gari suka mayar da ɗakin majalisa, ana shewa ana tsokana, in wuta ta ɗauke a zauna jiranta ana cin goro. Wata tsohuwa mai ƙosai ta gaya mini yanzu tana tsallake kwatar ƙofar gidanta ba ta kama bango. Gwaggo ta ce wasan ne ya ci ɗan'uwanta. Ni da ke wurin na san bai taɓa yin dariya irin ta waɗannan watanni ba.

Su suna kallon jirgi, ni aikina kallon ɗigo. A farko nasa yana zaune daram a tsakiyar da'ira, ba na kowa da ya kai shi natsuwa. Bayan damina ta sauka sai na ga ya fara zamewa hagu. Kaɗan ne, ya mayar da shi, ya sake zamewa. Jirgin bai daina wuce duwatsu ba, don tsohon gwani ne, yana rufe ɓarakar da ƙugu, ba wanda ya lura. Na gaya wa majo. Ya zo ya tsaya ya duba da kansa, ya auna shi, ya ce bai ga ciwo ba, tsufa ne ke sallama ta ƙafar hagu. Ya ce, "Maganin shi ke nan a gabanki. Shi dai kada shi daina zuwa." Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Duk ranar wasa sai in kasa kunne in ji tafiyarsa a bakin ƙofa, in na ji ta hankalina ya kwanta.

Ranar da abin ya faru abokin aikina ya tafi ƙauye rigakafin yara, majo kuma aka kira shi ɗakin haihuwa. Ya rage ni kaɗai. Na so in ce yau maza su huta, amma taubashi ya riga ya fara: "Yau ba mai tare ka, bari mu ga ƙaryar tsayuwa." Tsohon ya hau katako. Na tsaya a bayansa, nesa fiye da yadda ƙa'ida ta ce, kusa fiye da yadda tarbiyya ta yarda, idona a kan ɗigo.

Jirgin ya zo wata kwana mai tsanani. Ya karkata hagu, ɗigon ya tafi, bai dawo ba. Na ga gwiwar ta lanƙwashe, na ga bencin ƙarfe da ke gefensa daidai inda kansa zai sauka. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Sai dai na tsinci hannuna zagaye da ƙugunsa, kafaɗarsa a ƙirjina, hularsa tana gangarawa ƙasa, kallabina ya zame. Surukina, kai ba hula, a hannun matar ɗansa, gaban tsofaffin gari.

 Taubashi, da ba a taɓa rasa magana a bakinsa ba, ya sunkuyar da kai. A cikin tele jirgin yana ta bugun dutse. Tsohon ya miƙe a hankali, na janye hannuna na durƙusa. Ya ɗauki hularsa, ya kwashi takalmansa a hannu, ya fita ƙafa ba takalmi cikin zafin rana.

Bai ƙara komawa ba. Ba wanda ya ce na yi laifi, har Inna cewa ta yi, "Da kin bar shi da yanzu muna zaman makoki." Ni ma da za a maimaita ranar sau dubu, sau dubu zan tare shi. Amma gaba kura ce baya sayaki: in bar shi ya fashe kai, in tare shi ya bar abin da ke riƙe masa ƙafa. A gida ya daina zama tsakar gida in ina nan. Saƙon randa da na akuya suka tsaya cak. Kifi kawai ne bai daina zuwa kan turmi ba.

Na zama mai ido ba baki. Ina ganinsa yana dafa bangon zaure in ya ɗauka ba mai kallo. Ina ganin sawunsa a rairayin ƙofar gida, na dama cikakke, na hagu da ɗan ja. Magana ɗaya ce ke cina: Baba, ka koma kan katako, ko ka bar tsayuwa cikin jirgi. Bakin suruka ba ya ɗaukar wannan, sai na shiga neman wanda zai kai.

Na fara da maigidana. Ya yi kwanaki yana juya abin, sannan ya same shi bakin tabki. Bai iya cewa ƙafarka ta gaza ba, wane ɗa ne zai faɗi haka? Sai ya ce zai ɗauko yaro ya riƙa tuƙa masa, shi ya zauna. Tsohon ya ce, "Ni za a ɗauka kamar buhun gawayi? Ranar da na haihe ka cikin ruwan ga anka zo anka gaya mini, ina tsaye." Ya tura jirginsa ya bar shi a nan. Suka yi mako gaisuwa kawai ke haɗa su, maigidana ya ce da ni kada in ƙara sa shi.

Na je wa Inna. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ɗiyata, ni da tun ina amarya nike ce mashi shi rage goro? Mi za ni hwaɗi shi ji?" Majo ya aika a gaya masa an sa ranar maza zalla, ba mace ko ɗaya a ɗakin. Ya mayar da godiya, ya ce aiki ya yi yawa. Na gane ba ni kaɗai yake gudu ba, har da idon waɗanda suka gani.

Saura taubashi. Na tare shi a hanya na durƙusa na roƙe shi, don shi kaɗai ne zai iya faɗa masa komai ba a ga baƙinsa ba. Allah ya saka masa, ya je, ya kuma faɗa tiryan-tiryan a gaban masunta: "Kai tsoho, ƙahwarka ta hagu ta mutu, ka koma tele ko ka hwaɗi!" Aka fashe da dariya. Tsohon ya rama da cewa manomi da ke tsoron kwatami ne zai koya masa tsayuwa. Aka ƙara fashewa. Taubashi ya dawo ya same ni idonsa ja. "Ɗiyata, na hwaɗi. Na rantse mashi ma. Tun muna yara wasa nike mashi, yau ta ina za shi gane ba wasa ba ne?" Daga nan kowa ya kama gabansa.

Masunta sun yi gaskiya, tabki bai kada shi ba. A tudu ya faɗi. Damina ta gaba ruwa ya cika ya bar laka a gaɓa, tsohon ya dawo daga su da safe, ya sauko daga jirgi da ƙafar hagu, ta tafi. Ƙashin ƙugu ya karye. An kai shi Maradi, an dawo, an kira maɗori, an yi duk abin da ake yi. Mutumin da bai iya zaman jirgi ba ya kwanta a tabarma yana kallon azara. Ina da ilimin juya majinyaci da gyara masa kwanciya, ina yi wa iyayen wasu kullum, nawa kuwa sai dai in tsaya bakin ƙofa ina gaya wa maigidana inda zai sa hannu.

Wata Juma'a maza sun tafi masallaci, Inna ta leƙa maƙwabta barka. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji muryarsa daga ɗaki, karon farko tun ranar katako.

"A hwaɗa ma masu gidan ga ana son a tashi zamne."

Na dubi ƙofar gida, ba kowa. Na ce da turmi, "Masu gida sun tahi masallaci, yanzu za su komo."

Na ji yana ƙoƙari shi kaɗai, tabarma na ƙara, numfashinsa na fita da ƙyar. Na tashi na tsaya bakin ƙofa, hannuna duk gari, ban shiga ba ban koma ba. Sai ya daina motsi.

"Ɗiyata," ya ce. "Zo ki tare ni."

Na tuɓe takalmi na shiga. Na durƙusa ta hagunsa, na sa hannu a bayansa na ɗaga shi. Ranar katako nauyinsa ya kusa kai mu ƙasa mu biyu. Yau da hannu ɗaya na tashe shi. Ya jingina da kafaɗata, fuskarsa na kallon ƙofa, tawa na kallon bango.

"Rannan ma daidai kinka yi," ya ce. "Ni ne ban iya komawa ba." Ya huta. "Ɗigon ga, na gane shi tun kahin ki kira majo. Kullum ina kallon shi yana tahiya."

Hawaye suka zubo mini, ba hannun sharewa, duka biyu suna riƙe da shi. Ashe duk saƙon da na yi ta aikawa, mai shi ya riga ni karantawa. Ya gyara zama, ya miƙe wuya, ya ɗaga kafaɗa kamar mai shirin jefa birgi. Duk jikinsa a kaina yake.

"To, mai tele, yanzu ɗigon ina yake?"

Na ce, "Yana tsakiya, Baba."

Ya ce, "Madalla." Muka zauna haka har muka ji takun masu dawowa daga masallaci, ya ce in kwantar da shi kafin su shigo. Bai ga wata Juma'ar ba.

Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya tsayar da ƙafarsa ranar da ƙafafu ke zamewa. Da masuncin nan ya ce ba a taɓa ba shi hannu ba, ina jinsa ta bayan katanga, na bar masa maganarsa. Har yanzu ni ke kunna tele a asibiti, tsofaffi suna hawa, ina tsaye a bayansu. Da safe in na fito nakan dubi kan turmi kafin in tuna.